Tambaya da Amsa: Yaya kwamfuta ke gwada ruwan sanyaya inji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni bakanike ne a Suame Magazine da ke Kumasi. Ɗana da ke karatun injiniya a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah ya ce yana gwajin ruwan sanyaya inji mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, amma duk a cikin kwamfuta, ko lagireto bai taɓa ba. Shin wannan gwaji ne na gaskiya, kuma idan na zuba garin ƙarfe a ruwan mota zai rage mata zafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Maigida, Allah ya yi wa yaron albarka. Zan fara da tambaya ta biyu domin ita ce mai haɗari: kada ka zuba, garin zai toshe lagireto ya cinye famfon ruwa. Ƙwayoyin da ɗanka yake nufi ba sa wuce nanomita 100 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), alhali kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita dubun dubata.

Dalilin binciken shi ne ruwa ba gwani ba ne wajen miƙa zafi, jan ƙarfe ya fi shi fiye da sau 600. A shekarar 1995 Stephen Choi na cibiyar bincike ta Argonne a Amurka ya raɗa wa irin wannan gaurayen ruwa da ƙwayoyin ƙarfe suna nanofluid, da fatan ruwan zai ari halin ƙarfen ba tare da ya daina gudana ba.

Aikin kwamfutar kuwa lissafi ne. Ana zana bututun da ruwan ke bi, a yanka shi gida-gida har dubbai ko miliyoyi, sannan kwamfuta ta bi kowane gida tana lissafa saurin ruwan da matsinsa da zafinsa bisa ƙa'idojin lissafin gudanar ruwa na Navier da Stokes, ta yi ta maimaitawa har alƙaluman su daidaita. Manhajoji irin su OpenFOAM da ANSYS Fluent wannan suke yi. Inda aikin ya fi wuya shi ne halin ƙwayoyin kansu, domin ba sa zama wuri ɗaya: ƙwayoyin ruwa suna ta bangazar su ta kowace fuska, motsin da Robert Brown ya lura da shi a 1827, kuma ƙwayoyin ƙarfen suna gudun bangon bututu mai zafi zuwa inda ya fi sanyi. Waɗannan biyun ne Jacopo Buongiorno ya gina lissafinsa a kansu a 2006, kuma ɗalibai da yawa har yau shi suke bi.

Sai dai kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata. Idan aka ce mata ƙwayoyin a warwatse suke daidai wa daida, haka za ta ɗauka, alhali a zahiri sukan dunƙule su kwanta a ƙasa, kamar yadda gasarar koko ke kwantawa idan aka bar ta a roba. Ga kuma kauri: gaurayen ya fi ruwa nauyin turawa, famfo ya ƙara wahala, har ribar ta iya ƙarewa a nan. Rahotannin farko sun yi ta ambaton ƙari mai ban mamaki wajen miƙa zafi, amma a 2009, da cibiyoyi fiye da 30 suka auna samfura iri ɗaya, sakamakon ya dace da tsohon lissafin masanin kimiyya James Clerk Maxwell na ƙarni na 19, wanda ke nuna cewa ƙwayoyi kashi 1 cikin 100 na cikar ruwan ba sa ƙara miƙa zafi sai da kimanin kashi 3.

Saboda haka gwajin na gaskiya ne, amma a ganina rabin aiki ne sai an gwama shi da awon hannu. Ka tambayi ɗanka da wane awo na ɗakin gwaji ya kwatanta sakamakonsa, kuma ka gayyace shi gareji ya ga irin dattin da kake wankowa daga lagireto, domin wannan dattin ba ya cikin zanensa.