Koya wa Yara Launuka: Me Za a Saya, Me Za a Bari a Kanti?

Wata uwa daga Zariya ta ce: Ɗana shekararsa biyu da wata huɗu, komai ya gani sai ya ce "ja", har farar rigar babansa. Ƙanwata ta ce in saya masa kwamfutar yara mai waƙar launuka. In saya?

'Yar'uwa, riƙe kuɗinki tukuna. Abin da yaron yake yi daidai ne da shekarunsa. Ya gane cewa "ja" amsa ce ta tambayar launi, bai dai gane wane launi take nufi ba. Idon yaro yana rarrabe launuka tun yana jariri, amma haɗa kowanne da sunansa yakan jira har wajen shekara 3 zuwa 4. Na'urar za ta koya masa rera sunayen a jere kamar karatun aku, ba tare da ya iya nuna ko ɗaya ba.

Abin da za ki saya shi ne kofunan roba guda shida, iri ɗaya, girma ɗaya: uku jajaye, uku shuɗɗa. Idan jan abin ƙwallo ce, shuɗin kuma mota, yaron zai ɗauka "ja" sunan ƙwallo ne. Idan komai ɗaya ne sai launi, ba shi da abin kamawa sai launin.

Ki fara da haɗawa, ba tambaya ba. Ɗaga jan kofi ki ce, "Nemo mini ɗan'uwansa." Idan ya ƙware, ki koma "Miƙo mini ja." Sai daga ƙarshe ki zo kan "Wannan wane launi ne?", domin ita ce mafi wuya, kuma da ita yawancin iyaye suke farawa, yaro ya kasa, uwa ta tsorata. Minti biyar a rana ya isa. Kada ki ƙara launi na uku sai ya yi kwana uku ko huɗu bai rikita biyun farko ba.

Hausa ma ta ba mu wata dama. Ana cewa "jan kofi", ana kuma cewa "kofi ja". Ki fi amfani da na biyun: "Kofin nan ja ne." Sunan abin yana kai idon yaro kansa, sannan launin ya biyo baya. A lura kuma da cewa fari, fara da farare kalmomi uku ne a kunnensa, haka shuɗi, shuɗiya da shuɗɗa, don haka a ba shi lokaci. Su ruwan goro, ruwan toka da ruwan hoda a bar su sai gaba. Yaro yana jin "ruwa" zai fara neman abin sha.

Wani malamin nazare daga Katsina ya ce: Za mu sayi kayan kala na yara 25, 'yan shekara 2 zuwa 4. Kireyon (sandar kaki mai launi), fensirin kala ko maka (alƙalamin tawada mai launi)?

Malam, kireyon, kuma mai kauri. Ƙaramin yaro da dunƙulallen hannu yake riƙe abin rubutu yana dannawa, siririn kireyon a ranar farko zai karye. Fensirin kala yana buƙatar fiƙewa, yana da tsini, launinsa kuma ba ya fitowa sosai. Maka tana bushewa da an bar ta a buɗe, marfinta kuma a baki yake ƙarewa.

Kwali mai launi 8 ya fi mai 24. A babban kwalin akwai kore kala uku, shuɗi kala uku, waɗanda ko babba sai ya tsaya tunani. Ku sayi kwali ɗaya ga kowane teburi mai yara huɗu ko biyar, wato biyar ko shida, da biyu na ajiya. A duba jikin kwalin an rubuta non-toxic, ma'ana babu guba. Kafin a biya a goga ɗaya a takarda: idan sai an danna da ƙarfi launi ke fitowa, kaki ya yi masa yawa. Kada a ajiye shi a taga ko cikin mota, zafin watan Afrilu zai narkar da shi.

Ga 'yan ƙasa da shekara 3, duk abin da zai shige cikin kwalin tsakiyar tishu zai iya shaƙe yaro: duwatsun ado, maɓallai, murafun robar lemo. Kayan wasa masu fentin da ke ɓarewa idan an kankare da farce a bar su, irin wannan fenti yana iya ɗauke da dalma. Ƙyallayen tela masu launi ɗaya, ba atamfa mai zane ba, a yanka su girman tafin hannu, suna yin aikin katin launi, ga su ana wankewa.

Wani uba daga Maraɗi ya ce: Ɗana ya kusa shekara biyar, ya san shuɗi, fari da baƙi, amma ja da kore kullum sai ya haɗa su. Kawunsa ma haka yake. In nemo tabarau?

Alhaji, in kawun nan ɗan'uwan mahaifiyarsa ne, zancen ya fi ƙarfi. Rashin bambance ja da kore gado ne da ke bi ta wajen uwa, kuma maza ya fi kamawa nesa ba kusa ba. Gwada shi ba tare da suna ba: zuba tumatir nunannu da ɗanyu a faranti ka ce ya ware. Idan ya ware daidai, mai yiwuwa sunayen ne ba su zauna ba. Idan ya kasa, kai shi asibitin ido, akwai gwajin Ishihara mai ɗige-ɗigen launi, har da na yaran da ba su san lambobi ba.

Tabaran da ake talla ba ya warkar da shi, wasu launukan kawai yake ƙara wa kaifi. A sanar da malaminsa don kada a ɗauka ƙiwa ce, a kuma rubuta sunan launi a jikin kowane kireyon da zarar ya fara karatu.