Bikin Babbar Sallah a makarantar da ke da yara Musulmi da Kiristoci

Malama, kin ce a makarantarku ta Jos akwai Hausawa, Birom, Ibo da Yarabawa, kuma hedimasta ya ɗora miki shirya bikin Babbar Sallah, kina tsoron kar wani ya ji an ware shi. To ni dai shawarata ki bari sai an dawo hutu, kowa ya zo da kayan gidansu, mai anko ya sa anko, wanda bai da shi ya sa na ƙabilarsu.

Abinci shi ne rabin aikin wallahi, waina da sinasir da dambun nama da cincin, ki sa iyaye su yi karo-karo, 'yan mata kuma a zana musu lalle amma sai iyayensu sun yarda tukunna.

Labarin layya kuwa ki bar yara su bayar da kansu, don su ma Kiristocin sun san Annabi Ibrahim da ragon, sai dai su suna cewa ɗan da aka so yankawa Ishaku ne, mu kuma Isma'il, kar ki bari a tsaya gardama a nan. Banda tilasta wa kowa addu'a. In Kirsimeti ta zo kuma a yi musu nasu.