Tambayi Mai Laburare: Wane shafin intanet zan yarda da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malama ce a wata makarantar al'umma a nan Agege, an kuma ɗora mini kula da ɗan ɗakin karatunmu. Littattafanmu ba su taka kara sun karya ba, kwamfuta ɗaya ce, sai wayata. Kwanakin baya wani ɗalibi ya zo neman yawan mutanen Legas saboda muhawarar da za su yi. Muka shiga Google, wani shafi ya ce miliyan 9, wani miliyan 17, wani ya haura 20. Yaron ya zuba mini ido, na rasa ta cewa. Don Allah yaya zan gane shafin da zan dogara da shi? Daga 'yarka a Agege.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka. Na ji daɗi da ba ki ɗauki lambar farko kin miƙa wa yaron don ki rabu da shi ba. Da yawa haka suke yi.

Mu fara da lambobin nan uku, domin mai yiwuwa babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. A ƙidayar 2006 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ce Jihar Legas tana da mutum miliyan 9 da 'yan kai, Kano kuma ta ɗan ɗara ta da kusan miliyan 9.4. Gwamnatin Legas ta ce ba ta yarda ba, ta fito da nata lissafin na kimanin miliyan 17.5. Tun daga 2006 ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi. Ke nan duk lambar da ta biyo baya kiyasi ce, an ɗora ta a kan ɗaya daga cikin waɗancan biyun. Ga kuma wata matsalar: wani jihar yake nufi, wani kuma birnin da ya tumbatsa har ya shiga Ogun ta wajen Sango Ota da Mowe. Abin da ya kamata yaron ya tashi ya faɗa a gaban alƙalan muhawara shi ne: hukuma kaza ta ce kaza a shekara kaza, gwamnatin jiha ta musa ta ce kaza. Aikinmu na masu laburare ke nan, mu ba da amsa tare da mai ita da shekararta.

Kin yi karatun Islamiyya, kin san malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun bi isnadinta, wane daga wane har zuwa tushe, sun kuma san halin kowane mai ruwaya. Haka za ki yi wa shafin intanet. Wa ya rubuta? Daga ina ya samo? Idan shafi ya ce "bincike ya nuna" bai faɗi wane bincike ba, bai faɗi wanda ya yi shi ba, isnadi ya yanke, ki wuce.

Ki koyi karanta adireshi tun kafin ki karanta abin da ke ciki. Wanda ya ƙare da .gov.ng na hukumomin gwamnatin Nijeriya ne, .edu.ng kuma na manyan makarantu, ba kowa ake ba su ba. Amma .com da .org da .com.ng duk mai 'yan kuɗi a aljihu zai iya saya yau ya buɗe gobe. Lokacin rajistar JAMB nakan ga yara sun faɗa shafukan da aka ƙawata da tambarin hukumar da launinta, alhali na gaskiyar jamb.gov.ng ne kawai. Harafi ɗaya ake sauyawa ko a ƙara wata kalma a tsakiya. Ɗan kwaɗon nan da ake gani kusa da adireshi ma kada ya ruɗe ki. Abin da yake nufi shi ne wani ba zai leƙa abin da ke wucewa tsakaninki da shafin ba, bai ce mai shafin mutumin kirki ba ne. Sakamakon da Google ke sawa a can sama da alamar talla kuwa, kuɗi aka biya.

Shafin gwamnati ma yana da nasa. Wani an yi shekaru ba a taɓa shi ba, sunan shugaban da ya daɗe da sauka na nan daram. Kuma kin ga a maganar ƙidaya gwamnati biyu ne suka saɓa, kowace da abin da take karewa, tunda yawan jama'a yana shiga lissafin rabon kuɗin tarayya. Saboda haka ki nemi kwanan wata, ki kuma tambayi kanki me mai maganar zai samu idan kika yarda.

Dabarar da ta fi yi mini amfani a teburin tambaya ita ce fita daga shafin. Kada ki zauna kina karanta yabon da ya yi wa kansa. Ki buɗe wani gefen, ki rubuta sunansa, ki ga me wasu suka ce a kansa. Minti biyu ya isa. Sai dai ki kula, shafi goma da suka kwafi juna kalma da kalma shaida ɗaya ce.

Yanzu inda za ki nufa. Alƙaluman farashi da tattalin arziki, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a nigerianstat.gov.ng. Canjin kuɗi na hukuma, Babban Banki a cbn.gov.ng. Binciken malaman jami'a, Google Scholar da African Journals Online, wanda ya tara ɗaruruwan mujallun ilimi na Afirka, da yawansu na Nijeriya. Idan kina shakkar wata mujalla, ki duba ko tana cikin DOAJ, wato kundin intanet na mujallun ilimi da aka tantance, domin akwai masu buga duk abin da aka biya su ba tare da wani masani ya duba ba. Wikipedia kuwa ban hana yara ita ba, har da ta Hausa. Abin da nake ce musu shi ne su gangara ƙasa inda aka jera madogara, su bi su, su kafa hujja da su.

Inda nake so ki fi tsanantawa shi ne maganar lafiya. Duk wanda yake Legas a 2014 bai manta ba. Cutar Ebola ta shigo ta filin jirgin sama a watan Yuli, a watan Agusta saƙo ya karaɗe wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Da asuba ake ta buga wa 'yan uwa waya har Arewa, kowa na ganin ceton rai yake yi. Mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu, ba Ebolar ce ta kashe su ba. Ba wanda ya tsaya ya tambayi wa ya fara faɗa. Duk tambayar cuta ko magani, ki tsaya a kan NCDC, wato hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, da NAFDAC da Hukumar Lafiya ta Duniya, sannan ki ce wa mai tambayar ya ga likita. Saƙon WhatsApp da ake ta turawa kuma, ki duba shafukan tantance labarai irin su Dubawa ko Africa Check, sau da yawa sun riga sun bi diddiginsa. Hoto ki sa shi a Google Lens, za ki sha mamakin yadda hoton wata ƙasa na shekarun baya yake zama "abin da ya faru jiya a Mile 12".

Ki sayi littafi mai kauri ki ajiye kusa da kwamfutar. Duk tambayar da aka kawo ki rubuta ta, da shafin da ya amsa, da ranar da kika duba. Kafin zangon karatu ya ƙare kin mallaki jerin da ya dace da ɗalibanki, kin kuma rage ƙona data. Idan wani shafin ya ɓace, ki sa adireshinsa a Wayback Machine na archive.org, sau da yawa akan sami tsohon kwafinsa. Ranar da kika samu sarari ki kai manyan ɗaliban reshen Laburaren Ƙasa da ke Yaba, su ga yadda ake neman abu a kan kantar littattafai.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya daina buɗe littafi, komai sai ya tambayi ChatGPT. In hana shi? Daga wani ɗan kasuwa a Idi Araba.

AMSA: Alhaji, kada ka hana shi, ko ka hana zai yi a ɓoye. Manhajar tana taimakawa wajen fahimtar darasi mai wuya. Illarta ita ce takan ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekara waɗanda babu su, ta faɗe su ba ko ɗar. Ka sa masa sharaɗi: duk lamba ko suna ko shekara da ta ba shi, ya nemo su a wani wurin da ya san mai shi kafin ya rubuta a takardar makaranta. Ka riƙa zama da shi wani lokacin bayan sallar isha'i ya nuna maka inda ya samo.