Tafiya Landan da yara uku: ta ina zan fara?

Tambaya: Da an ba da hutun makaranta za mu tashi daga Gombe zuwa Landan ta Abuja da yara uku, har da na goye mai wata 8. Yaya zan yi da su a jirgi? Maman Hanifa, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Maman Hanifa, ku sauka Abuja tun ana gobe tafiya. Jiragen cikin gida kan ɗage lokaci, kuma idan tikitin daban-daban ne, jirgin Landan ba zai jira ku ba.

Tafiyar Abuja zuwa Landan ta haura awa 6. Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya yake zama, don haka ki nemi gadon jarirai da ake maƙalawa a bangon gaba tun wajen yankan tikiti, domin ba su da yawa. Abincin yara ma a nema kwana 2 kafin tafiya.

Kukan lokacin sauka yawanci ciwon kunne ne, saboda matsin iska yana canzawa. Haɗiya ke buɗe kunnen: ki ba jaririn nono da zarar jirgi ya fara gangarowa, manyan kuma alewa ko ruwa. Mai mura a kai shi likita kafin tafiya, toshewar hanci na tsananta ciwon.

A jakar hannu ki sa famfas 8, kayan canji har da naki, rigunan sanyi da magani. Abu mai ruwa kada kwalbarsa ta wuce mililita 100, amma madarar jariri ana barinta bayan an duba.