Mu da ba likitoci ba, za mu iya tallafa wa mai ƙuncin rai?

'Yar'uwa, kin ce matan zumuntar cocinku suna son su riƙa zama da waɗanda masifa ta afka wa, amma kina shakka tunda babu likita a cikinku. Kada wannan ya hana ku.

Ƙungiyar Samaritans ta Ingila ma haka ta faro. A 1953 wani limamin Angilika, Chad Varah, ya sa layin waya a cocin St Stephen Walbrook da ke Landan domin masu tunanin kashe kansu. 'Yan sa-kai aikinsu kawai su ba masu jiran ganinsa shayi, su zauna da su. Sai ya lura da yawa a nan suke amayar da abin da ke cinsu, su tafi ba su ma gan shi ba. A 1954 ya damƙa musu aikin.

Sauraron ne mai wuya, a ganina. Uwar da ta rasa ɗa tana kuka, bakinki zai yi ta ƙaiƙayin jawo aya. Danne shi tukuna. Tambaye ta ko tana son addu'a kafin ki fara. Abin da ta faɗa miki kuma kada ya koma roƙon addu'a a taron mata, don ta nan asirin mutane ke tonuwa.

Ku nemi horo. Stephen Ministries, ƙungiyar Kirista ta Amurka mai horar da 'yan coci su kula da masu damuwa, wadda aka kafa a 1975, sa'o'i da yawa take koyar da 'yan sa-kanta. Wanda kuwa ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A sanar da fasto da wani amintacce cikin danginsa, a kai shi asibiti a ranar.