Awa biyar ko awa goma: wane barci ne ya fi haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗan kasuwa ne a birnin Katsina, shekaruna 47. Ba na kwanciya sai wajen ƙarfe 12 na dare bayan an watse daga majalisa, in kuma tashi ƙarfe 5 domin sallar Asuba. Na ji ana cewa ƙarancin barci yana janyo mutuwa da wuri. Mahaifina da ke Daura kuwa, a 'yan watannin nan yakan yi barcin awa 10, ya kuma ƙara da rana. Shin ya fi ni kusa da lafiya ke nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Daga kai har shi akwai abin dubawa, sai dai dalilin ba ɗaya ba ne.

A shekarar 2010, Farfesa Francesco Cappuccio na Jami'ar Warwick da ke Ingila da abokan aikinsa sun tattara bincike 16 da suka shafi mutane fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Sun gano cewa haɗarin mutuwa a tsawon shekarun da aka yi ana bibiya ya ƙaru da kashi 12 cikin 100 ga masu gajeren barci, ya kuma ƙaru da kashi 30 cikin 100 ga masu dogon barci, idan aka gwada su da masu awa 7 zuwa 8. Ajali dai na hannun Allah, kuma waɗannan alƙaluma bayani suke yi a kan taron jama'a, ba sa faɗin ranar kowa. Amfaninsu shi ne nuna inda haɗari ya fi taruwa.

Game da gajeren barci irin naka, hujja ta fi ƙarfi cewa shi da kansa yana yin ɓarna, domin an gwada an gani. A 1999 masu bincike a Jami'ar Shikago ta Amurka sun taƙaita barcin samari 11 masu ƙoshin lafiya zuwa awa 4 har dare shida, sai jikinsu ya kasa sarrafa sukari yadda ya saba. Haka kuma, jini yakan sauka idan mutum yana barci, zuciya da jijiyoyi su samu sararawa, wanda kuwa yake yanke wannan hutu shekara da shekaru yana kusantar hawan jini, da ciwon suga, da shanyewar ɓarin jiki. Wani binciken da ya bi ma'aikatan gwamnatin Birtaniya kusan 8,000, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna cewa waɗanda suka dore a kan awa 6 ko ƙasa da haka daga shekara 50 zuwa 70 sun fi fuskantar cutar mantuwa da kusan kashi 30 cikin 100. Kada kuma ka ce jikinka ya saba; mutum yakan daina jin gajiyar alhali illar tana nan.

Lokacin Asuba ba ya matsawa domin kowa, saboda haka gyaran daga farkon dare zai fito. Masana barci sun daidaita a kan aƙalla awa 7 ga baligi, wato ka kwanta wajen ƙarfe 10. Na san tashi daga majalisa hira tana tsaka ba ƙaramin aiki ba ne, musamman da bazara lokacin da ɗaki ba ya shiguwa sai dare ya raba, amma ka riƙa rage minti 30 duk mako har ka kai. Ka bar goro da shayi daga La'asar, domin sinadarin da ke cikinsu yakan yi awoyi a jiki. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan Azahar tana taimakawa, sai dai ba ta biyan bashin dare gaba ɗaya.

Batun Baba ne ya fi damuna, duk da cewa shi ne kake gani kamar ya fi hutawa. Yawancin masana suna ɗaukar dogon barci a matsayin alamar wata cuta da ke ɓoye, wadda ita ce take ɗaga waɗancan alƙaluma. Ga masu shekara 65 zuwa sama, awa 7 zuwa 8 ake so. Tunda canjin sabo ne, kada a jingina shi ga tsufa kawai. A kai shi asibiti a auna jininsa da sukarinsa, a duba ƙarancin jini, da ƙoda, da zuciya, a kuma tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Ku tambayi wanda yake kwana kusa da shi ko yana munshari mai ƙarfi, numfashinsa ya ɗauke sannan ya dawo da shaƙewa, domin wannan lalura takan sa mutum ya daɗe a kwance ya tashi bai huta ba. Ku lura kuma ko ya rage cin abinci ko ya janye daga mutane, saboda ciwon damuwa a wurin tsofaffi yakan zo ta wannan hanya. Idan kuwa ya fara rikicewa ko ya yi wuyar tashi, a kai shi a ranar, kada a jira.