Abincin Tailan ga baƙi shida: me zan dafa?

'Yar'uwa, kin ce ƙawayenki shida za su zo cin abincin dare, kina son girkin Tailan amma kina tsoron aikin ya yi miki yawa. Kala uku sun isa. A Tailan ana jera komai lokaci guda a tsakiya, kowa ya ɗiba da shinkafa, don haka ba sai kin yi ta zirga-zirga a kicin ba.

Ni dai shawarata massaman. Miya ce da asalinta daga Musulmin ƙasar, da naman sa, dankalin turawa, gyaɗa, madarar kwakwa da ruwan tsamiya. Ki dafa ta tun ana gobe za su zo, don kwana yana ƙara mata daɗi.

Sai som tam: ɗanyen gwanda a goge, a daka shi sama-sama a turmi da tafarnuwa, barkono, lemun tsami, sukari da nam pla, wato ruwan kifi mai gishiri da ake sa wa girki. Wannan sai baƙi sun kusa isowa, in ba haka ba ya saki ruwa.

Pad thai kam, wato soyayyiyar taliyar Tailan, ki bar shi, taliyarsa tana cakuɗewa idan an soya da yawa. A ƙarshe ki yanka mangwaro, ki zuba masa madarar kwakwa mai ɗan gishiri.